Unguwar Majema Ba Ta da Hoto

Gidaje goma sha ɗaya Verna Hlavaty ta zo da su a cikin kwalayen takalma uku, ta sauko da su matakalar ɗakin ƙungiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Wata bakwai ta yi tana gina su a kan teburin kicin ɗinta, da siraran katako da gam da reza, kowane gida bai wuce ya zauna a tafin hannu ba. Ta jera su a bakin babban teburin ƙungiya, ta ja da baya, ta harɗe hannu a ƙirji tana jira.

Asabar ce da hantsi, ranar da 'yan ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo ta garin Kettle Fork suke haɗuwa a ɗakin ƙasa na tsohon ofishin 'yan kwana-kwana. Su tara ne, takwas maza, kuma ƙaraminsu ya ba sittin baya. Teburin nasu ya cinye ɗakin kusan duka, ƙafa arba'in a tsawo, a kansa kuwa garin ne kacokan yadda yake a watan Oktoba na 1958: tasha, gadar ƙarfe, tankin ruwa, filin kwal, har da shagon askin da ke jikin banki. Shekara talatin da ɗaya ana aikinsa ba a gama ba, don irin wannan aiki ba domin a gama ake yin sa ba.

Wendell Straub, shugaban ƙungiyar, ya sauke gilashin ƙara girma daga goshi zuwa ido, ya sunkuya. Tsohon mai kantin magani ne, ya yi shekara arba'in yana ƙirga ƙwayoyi bai taɓa kuskuren guda ba, kuma yana son a san da haka. Ya daɗe yana dubawa. Ya ga tsatsar da ta yi wa kwanon rufi da garin alli, ya ga matakalar da ta lotsa a tsakiya saboda takun ƙafa, ya ga igiyar shanya ta zaren siliki. Ya ce bai taɓa ganin aiki mai kyan wannan a ɗakin ba, kuma har zuci yake faɗa. Sannan ya miƙe, ya mayar da gilashin goshi, ya miƙo mata hannu.

"Ina hoton?"

Dokar ƙungiya ke nan, Verna kuwa ta san ta sarai. Ko turken fitila ba a kafawa a teburin nan sai an kawo hoton da aka ɗauka a wancan zamani, a sa shi a fayil. Gani ya kori ji, in ji Wendell, kuma yakan faɗe ta sau uku kafin kofinsa ya huce. A kan wannan doka mutum biyu suka yi shekara ba sa ga maciji, saboda saɓani kan ko ƙofar tasha hagu take buɗewa ko dama. A kanta aka sa Orrin Pasko, tsohon mai walda kuma sarkin tsokanar ƙungiyar, ya ɗauke wata 'yar mota da ya kwana uku yana yi wa fenti, don an gano ƙirar 1959 ce. Verna ta ga duk wannan, ta yi dariya tare da kowa. Abin da ba ta zata ba shi ne a karanto mata dokar a kan gidan da aka haife ta.

Unguwar Majema layi ɗaya ce ta gidajen katako, a matse tsakanin kwanar layin dogo da masana'antar jima. Mutanen da suka zo daga ƙasar Slovak, da 'yan Italiya, da baƙaƙen fata da suka taso daga kudancin ƙasar neman aiki, su ke ciki. Sauran gari sun san unguwar ne da warinta kawai. An rushe ta tuntuni aka shimfiɗa babbar hanya. A kan teburin ƙungiya kuwa, daidai wurin da ya kamata ta kasance, wani dutsen filasta ne a zaune, kore shar, jirgi yana shiga ta ƙarƙashinsa ya ɓullo ta ɗaya gefen. Shekara huɗu Verna tana kallon wannan dutse tana haɗiye maganarta. Cikin Fabrairu bututun ruwa ya fashe a samansa, dutse ya jiƙe ya zube kamar burodi a shayi, ita kuwa ta ɗauki abin a matsayin taimakon Allah, ta koma gida ta wasa reza.

Ba baƙuwar aiki ba ce. Tun da ta ajiye tuƙin motar 'yan makaranta ta shiga ƙungiyar, itatuwa aka damƙa mata. Ta tsinko busasshiyar ciyawa a bakin hanya, ta tsoma a gam, ta barbaɗa mata niƙaƙƙen soso ja da ruwan ɗorawa irin na kaka, ta shanya a igiya. Ta yi sama da ɗari shida. Ba wanda ya taɓa tambayarta hoton itace ko ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa miƙo mata aikin shimfiɗa dogo. Orrin ya raɗa mata suna uwar daji, sunan ya bi ta.

"Wendell," in ji ta, "a gida na tara ɗin can aka yanke mini cibiya. Ni ce hoton."

Ya ce ba wanda yake ƙaryata ta. Amma shekararta bakwai a lokacin, kuma tunanin yaro ba ma'auni ba ne. In aka buɗe wannan ƙofa yau, gobe kowa sai ya zo da nasa "na tuna", shekara talatin ɗin da aka yi ana kiyaye gaskiyar teburin ta tafi a banza. Yana magana a tausashe, kansa a karkace, irin yadda yake gaya wa tsofaffi a kanti cewa maganinsu bai iso ba. Taushin nan ya fi komai ƙona mata rai.

"To, madalla. Ba ni hoton dutsen."

Orrin ya ƙware da kofi. Kowa a ɗakin ya san tun da aka kafa Kettle Fork ba a taɓa yin dutse a wannan kwana ba, balle ramin jirgi. Wendell kuwa ko a jikinsa. Ya bayyana mata, kamar yau ta shigo, cewa dutsen cike gurbi ne. Bangon ɗaki ya tilasta wa layi ya yi kwanar da ta fi ta ainihi tsanani, kuma duk mai wannan sana'a ya san da dutse ake rufe irin wannan kwana. Doka ta hau kan abin da aka ce ya wanzu ne, dutsen kuwa bai taɓa cewa ya wanzu ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

"Wato ƙarya ta sami wurin zama don ta san ita ƙarya ce," in ji Verna, "gaskiya kuwa sai ta zo da shaidu."

Aka ɗaga hannu, kamar yadda ake yi a kan komai, har a kan irin kofin da za a saya. Shida suka bi Wendell. Ita da Orrin kaɗai suka rage, shi ma ta san rabi don ya ja wa shugaba rai ne. Aka ba ta zuwa Asabar ɗin ƙarshe ta Oktoba ta kawo hoto, don a ƙarshen Nuwamba ake buɗe ɗakin ga jama'ar gari, ba za a bar kwana tsirara ba. In hoto bai samu ba, dutse zai dawo. Tana mayar da gidajenta cikin kwali Wendell ya matso ya tambaye ta, da zuciya ɗaya, ko za ta iya fara haɗa itatuwa kamar tamanin, ko da za a buƙata.

Ta rufe kwalayenta, ta ɗauka, ta hau matakala.

Ran Litinin ta dira ɗakin karatu na gari. Ma'aikaciyar ta fito mata da akwati uku na tsofaffin hotuna, ta zauna ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga faretin ranar 'yanci a babban titi, shekara bayan shekara. Ga banki ta gaba, ga banki ta gefe. Ga wani kare da ya ci gasa, an ɗauke shi sau huɗu. Unguwar da mutum sama da sittin suka kwana suka tashi a cikinta ba ta sami ko kusurwar hoto ba. Ta je cocinsu, aka ce ambaliya ta cinye takardun da ke ɗakin ajiya tun ba yau ba. Ta buga wa Loretta Mims waya a Cleveland, maƙwabciyarsu ta gida na takwas, wadda yanzu ta haura tamanin. Loretta ta yi dariya har da tari, ta ce wace irin kyamara kuma, su da gida uku suke karɓa-karɓar dutsen guga ɗaya.

Ta ajiye wayar ke nan wani abu ya faɗo mata, ranta ya ƙara ɓaci. Ai ta tuna masu kyamara. Duk Lahadi sukan zo, maza masu malafa da takalma masu ƙyalli, su ratsa ta bayan gidansu, su tattake wa mahaifiyarta kabeji, su hau tudun dogo su jira jirgi. Ba su taɓa yin sallama ba. Su kafa ƙafa, su juya wa unguwa ƙeya, su ɗauki kan jirgi yana aman hayaƙi, su tafi. Yau ga 'ya'yansu da almajiransu suna tambayarta shaidar cewa akwai gidaje a bayan ƙeyar iyayensu.

Hotunan waɗannan mutane kuwa suna nan a ɗakin ƙungiya, cikin wani kabad na ƙarfe mai aljihu huɗu. Da ta nemi mabuɗi, Wendell ya ce ba zai hana ta ba, amma kada ta wahalar da kanta. Ya san jerin kabad ɗin kamar yunwar cikinsa, babu Unguwar Majema a ciki. Ta jawo aljihun farko ta ga dalili. Ba da sunan wuri aka jera su ba, da lambar kan jirgi aka jera su. Hotuna dubu biyu da ɗari huɗu, kowanne an rubuta a bayansa lambar jirgi, da yawan ƙafafunsa, da ƙarfe nawa ya wuce, da ko akwai hadari a sama.

Ta jawo kujera da fitila ta zauna. Asabar ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. Tana duba gefen kowane hoto, ƙasan hayaƙi, tsakanin tarago da tarago, duk inda mai kyamara bai yi niyyar ɗauka ba. Idonta ya riƙa ruwa, wuyanta ya ƙage. A bayanta kuwa aiki bai tsaya ba. Wendell ya kankare ɓaraguzan filasta, ya manna sabuwar shimfiɗa, ya ɗora dogo yana auna tsakaninsa kowane inci biyu. Wannan bai dame ta ba, ko da dutse ko babu dole jirgi ya wuce. Amma a Asabar ta biyu ta waiga ta ga ya fara lanƙwasa ragar waya a kan kwanar, ƙashin bayan sabon dutse ke nan. Ya ce don a rage lokaci ne kawai.

Orrin ne ke zuba tsakuwar dogo a kusa da ita. Ya barbaɗa da cokali, ya share da lallausan buroshi har ta kwanta tsakanin katakan layi, ya fesa ruwa mai ɗigon sabulu, sannan ya bi da tsinkakken gam ɗigo-ɗigo. Aikin haƙuri ne, bakinsa kuwa ba ya haƙuri.

"Uwar daji, ki bar wahalar nan. Ni ina da dabara. Ki ce gidajenki ma ƙarya ne, yanzun nan a ba su fili."

"Orrin, ka ji da tsakuwarka."

"Ina ji da ita. Kowace ƙwaya sai da na nuna wa shugaba hotonta."

Ta so ta yi dariya, abin ya ƙi. Orrin yana ganin wasa ne na ja-in-ja da Wendell, ita kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yara ɗari biyu ko fi za su shigo ɗakin nan a Nuwamba, da yawansu ita ta yi ta kai iyayensu makaranta. Za a ɗaga su a kafaɗa a ce ga garinku yadda yake a da, komai daidai, har ƙofar tasha. Su tafi gida da sanin cewa a bayan kwana dutse ne da itatuwa. Itatuwan ma ita ta yi su da hannunta, wannan ya fi ci mata rai.

A Asabar ta uku, gab da azahar, ta jawo fayil ɗin wani kan jirgi daga aljihu na uku. Hoto na biyar a ciki ta san shi, kowa ma a ɗakin ya san shi. Shi ne shaidar tankin ruwa. Da shi Wendell ya ƙirga ɗaurin ƙarfen da ke jikin tankin, ya kafa hujja cewa goma sha uku ne ba goma sha biyu ba, ya sa aka sake gini. Kan jirgi a hagu yana shan ruwa, tanki a tsakiya. Ta kusa ajiye shi, sai ta ja fitila zuwa dama, inda hoton ya yi dishi-dishi.

Unguwar Majema ce. Ta ƙirga da bakin fensir, goma sha ɗaya cif, yadda ta jera su, har da gida na huɗu da ya ɗan ja baya daga layi. Daɗi ya kama ta na ɗan lokaci, irin na wanda ya ci shari'a. Ta ɗauko gilashin ƙara girma ta ɗora, nan take daɗin ya gushe.

Gida biyar na farko ba rufi. Katafila tana tsaye a gaban na shida, haƙoranta a jikin baranda. A tsakiyar layi kaya ne tsibi-tsibi, katifu, kujeru ƙafa a sama, bahon wanka. A ƙofar gida na tara, wanda shi ma an yaye kwanonsa, ga baƙin murhun ƙarfe a kan titi, bututunsa a kwance a gefe. Wata mata tana tsaye kusa da shi cikin kwat ɗin maza, ta dafa shi da hannu ɗaya. Fuskar ba ta fito ba, tsayinta a takardar bai kai ƙwayar shinkafa ba. Verna ba ta buƙaci fuska ba. Ta san kwat ɗin, na mahaifinta ne, kuma ta san tsayuwar, ta mahaifiyarta ce.

Ta juya bayan hoton. Sha huɗu ga Oktoba, 1958. Lambar jirgi, yawan ƙafafu, ƙarfe goma da kwata, sama garau. Shi ke nan abin da mai kyamara ya ga ya cancanci rubutawa.

A kakar wannan shekara aka kai ta gidan gwaggonta a Johnstown, aka ce hutu ne. Bayan mako biyu aka dawo da ita wani ɗaki a saman kanti, can ɗaya gefen gari, mahaifiyarta ta ce sun yi ƙaura. Duk rayuwarta ta ɗauka sun kwashe kayansu cikin mutunci, rusau kuma sai da bazara ta zo, bayan kowa ya tashi. Tsohuwar ta rayu shekara arba'in bayan haka, ta koma ga Allah ba ta taɓa gyara mata labarin ba.

Ta daɗe a zaune. Baƙin ciki ya zo, amma fushi ya riga shi samun wuri. Shekara talatin hoton nan yana yawo hannu zuwa hannu a ɗakin nan. Maza takwas masu gilashin ƙara girma a goshi, waɗanda ke gane ƙirar mota daga fitilarta, sun ƙirga ɗaurin tanki har goma sha uku. Inci biyu daga yatsansu ana fitar da mutane titi, ba wanda ya kai ido.

Ta tashi ta ajiye hoton a kan ragar wayar Wendell, ta ɗora yatsa a gefen dama. Ya sauke gilashinsa. Sauran suka ajiye abin da ke hannunsu suka taru. Jirgin gwaji da wani ya kunna ya ci gaba da zagaya teburi shi kaɗai, sai da Orrin ya miƙa hannu ya kashe shi. Wendell ya duba, ya ƙara dubawa, ya cire gilashin gaba ɗaya, abin da ba a saba gani ba. Ya ce wallahi bai taɓa lura ba. Ta yarda, kuma yardar ba ta rage mata komai ba.

Wendell mutum ne mai kunya, jikinsa ya yi sanyi ƙwarai. Nan take ya ce ragar waya za ta fita yau, kwanar ta zama tata. Hoto ya tabbatar da gidaje goma sha ɗaya, magana ta ƙare. A kafa su yadda ta gina su, da rufinsu da shanyarsu, don aikin wata bakwai ba abin ɓatawa ba ne. In ya so a ɗauka cewa wannan kusurwa ɗaya tana farkon wata, kafin abin ya faru. Wani ya ƙara da cewa ai yara ne ke zuwa kallo, ba sai an nuna musu katafila ba. Kawuna suka riƙa gyaɗawa, kowa ya sami sauƙi. Har wani ya fara cewa a ɗaga hannu.

A nan ne Verna ta cika ta batse. Duk makonnin nan dokar tana tsaye kamar ƙarfe, don Verna take tokarewa. Yau da ta juyo ta dube su, kan ka ce kwabo ta zama kitse a rana.

"Kana da hoton farkon wata?" in ji ta.

Wendell ya ce babu.

"To, ni ma tunanin yarinya 'yar shekara bakwai gare ni, ka ce ba ma'auni ba ne, kuma ka yi gaskiya. Na tuna rufi, hoto ya ce babu. Motar Orrin wata uku ta yi kuskure kuka fitar da ita. Abin da ke cikin takardar nan shi za a gina."

"Verna, gidajenki za ki lalata."

"Ba ni na fara ba."

Ta fita zuwa motarta. Kwalayen suna bayan mota tun ranar da aka ƙi su, don ta kasa mayar da su kicin ta riƙa ganinsu. Ta sauko da su, wannan karon ba a hankali ba. Ta yaye ragar wayar da hannunta ta jingine a bango, ta jera gidajen a gefen sabon dogo tana duba hoto, ta matsar da na huɗu baya kaɗan. Orrin ya ce yana da wata katafila a gida cikin kwali, ƙirar 1955, zai kawo ta da takardunta. Ba wanda ya yi dariya, shi ma ba don dariya ya faɗa ba.

Ta bar na ɗaya zuwa na biyar, ta ɗauki na tara. In ta iya wannan, sauran ba komai ba ne. Ta zura bakin reza ƙarƙashin rufin ta danna. Ya ƙi. Da ma ta yi masa gam sosai, layi biyu, don ta gina shi ne ya daɗe. Ta sake dannawa, bangon ya fara lanƙwasa.

"Wendell, zo ka riƙe mini bangon."

Ya zo. Ya sa yatsunsa na mai ƙirga ƙwayoyi ya tallafi gidan ta gefe biyu, ya kau da kai. Ta bi layin gam da reza a hankali, kusurwa zuwa kusurwa, har rufin ya ɗago da 'yar ƙara. Ta ajiye shi a gefe.

Sai a lokacin suka ga abin da ba ta nuna wa kowa ba. Ta gina cikin gidan ma, inda ba idon da zai taɓa kaiwa ta tagar da ba ta kai farce ba. Ga tebur da kujeru biyar, ɗaya gajeriya. Ga gado da bargon da ta yanka daga tsohon ƙyalle, ga shiryayye da kwanoni jere. A kusurwa ga baƙin murhu, bututunsa ya miƙe zuwa inda rufi yake a da. Wendell ya leƙa ciki. Har yanzu yana riƙe da bangon, ko da yake ba sauran buƙata.

Verna ta ɗauki hantsaki. Ta ciro kujerun ɗaya bayan ɗaya ta kifa su a kan titi, ta ciro gadon, ta ciro teburin. Murhun ne ya ba ta wahala, sai da ta karya bututun kafin ya fito. Ta duba hoton, ta auna da ido, ta ajiye shi taku uku daga bakin ƙofa, ta kwantar da bututun a gefensa. Sannan ta ce wa Orrin ya miƙo mata kwalin 'yan mutanen da ba a yi wa fenti ba, ta zazzage shi a kan teburi, ta shiga tonawa tana neman mace a tsaye.